Lahadin majami'a da zaman unguwa a jihar Maradi

Kiristoci tsiraru ne a Agiye, Gazawa da Gidan Rumji, amma ba baƙi ba ne. Tun zamanin Turawa 'yan mishan na SIM suka zauna a Tsibiri, kuma asibitin Danja da suka buɗe ma kutare har yau ba ya tambayar addinin maras lafiya.

Ran Lahadi da Hausa ake sujada: waƙa, karatun Littafi Mai Tsarki, wa'azin fasto, sai baiko. In an tashi, zumuntar mata ke duba wadda ta haihu, wanda ke kwance da gidan da rumbu ya ƙare. Wannan fa ai shi ne aikin da muka sani a ƙofar masallaci.

To me ya sa muke tada zancen? Ba mu manta watan Yunin 2019 ba, sa'ad da aka cinna ma wata majami'a wuta a birnin Maradi, bayan kama wani limami da ya soki dokar tsara ibada. Rikicin da gwamnati ne, maƙwabci ya ji a jikinshi.

Yanzu jita-jita a WhatsApp ta fi iska gudu. Abin da ke tare ta shi ne sanin juna: gayya, suna, gaisuwar mutuwa. 'Yan uwa na ƙetare, kafin ku tura saƙon murya gida, ku bincika. Wuta in ta tashi, ba ta zaɓen danni.