Dutsen Zagami Da Shirun Marubutanmu

'Yan'uwana marubuta, ku gafarce ni, yau da ku nake.

Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo daga sama cikin wata gona a Zagami ta ƙasar Katsina, dab da manomin. Ashe ɓallin duniyar Mars ne. A 1995 masana suka binciki iskar da ta maƙale a cikinsa, ta zo daidai da wadda kumbon Viking ya auna a can a 1976. Su kuwa masu neman sanin ko an taɓa yin wata halitta mai rai a Mars, inda koguna suka taɓa gudana kafin su ƙafe, irin waɗannan duwatsu suke bi suna tsagawa. Har tambaya suke yi: tunda dutse ya iya tasowa daga can ya sauka Katsina, me zai hana ƙwayar halitta ta biyo shi?

Kwanan baya na tambayi ɗalibaina labarin Zagami. Ko ɗaya bai sani ba, alhali yaran Limawa ne, cikin duwatsu suka buɗe ido. Amma tambaye su wa ya auri wa a littafin soyayya, ka sha karatu! Laifin wa? Namu ne, mu masu alƙalami.

Na san abin da za a ce: ana fama da tuwon dare, ina ruwanmu da wata duniya? To, a 2023 an tsinci wani dutsen Mars ɗin a yankin Agadas, kusan kilo 25. A 2025 aka yi gwanjonsa a Amurka kan dala miliyan 5.3, sannan ne gwamnatin Nijar ta tashi binciken yadda ya fita. Tuwon dare nawa ke nan? Masu cewa shisshigi ne cikin ikon Allah kuma, yaushe duban halittar sama ya zama saɓo?

Kada kuma wani ya fake da cewa Hausa ba za ta ɗauki irin wannan zance ba. Tun 1969 Umaru Dembo ya kai yaro yawon sararin samaniya cikin Tauraruwa Mai Wutsiya. Yau shekara fiye da hamsin ke nan, mu nawa muka bi sawunsa? Kowa ya duba kantar littattafansa ya ƙirga.