Baƙo ya kwana ya tafi, wa zai kwashe sharar da ya bari?

Yau can nesa zan kai ku, tsakiyar tekun Indiya, ƙasar Maldif. Ƙasar Musulmi ce, tsibirai kusan 1,200, amma waɗanda 'yan ƙasa ke zaune a cikinsu ba su kai 200 ba. Mutanenta rabin miliyan ne da ɗan wani abu, ga shi kuma a shekarar 2024 baƙi 'yan yawon buɗe ido da suka sauka can sun kai miliyan 2. Kowane ɗayansu zai sha ruwan gora ya yar da gorar, zai yi wanka, zai zaga bayi. To ina wannan ƙazanta za ta je, a ƙasar da ba ta da daji, ba ta da bayan gari?

Tun 1992 suka fara zuba shara cikin wani tafkin teku kusa da Male, babban birninsu, har wurin ya cika ya zama tsibiri. Sunansa Tilafushi. Tsibiri guda, jama'a, na shara zalla, kuma ya daɗe yana hayaƙi.

Ruwan ƙazanta ya fi sharar wahala. A matsakaici, tudun ƙasar bai wuce mita ɗaya da rabi sama da teku ba. Ruwan daɗin da ke ƙarƙashin rairayi ɗan siriri ne, yana kwance bisa ruwan gishiri. In ka gina salanga, abin da ya tsiyaya daga ramin rijiyar maƙwabcinka zai nufa. Dole sai an shimfiɗa tiyo gida gida, an kafa injin tura ruwan, ga gazuwal, ga kuran, ga albashin mai gyara. Kuma kowane tsibiri da nasa, ko da mutum 500 ne kawai a ciki.

A ƙarshen 2015 gwamnati ta ɗora wa baƙi wani lamfo na kare muhalli: dalar Amurka 6 kowace rana ga wanda ya sauka manyan otel. (Dalar Amurka nake nufi fa, ba tamu dalar ta sefa biyar ba.) Shekara guda bayan haka aka haɗa da ƙananan gidajen baƙi, su dala 3. Daga 1 ga Janairu 2025 aka ninka: dala 12 a manya, wajen jikka bakwai kenan, dala 6 a ƙanana. Ɗan ƙasa ba ya biya. Tun 2019 kuma kuɗin asusu na musamman suke shiga, wanda daga cikinsa ake biyan ayyukan ruwan sha, magudanar ƙazanta da shara.

Ni dai a ganina wannan lamfo halal ne. Mutumin da ya iya biyan jirgi tun daga Jamus ko Sin, jikka bakwai ba za ta hana shi barci ba. In bai biya ba, masuncin da bai taɓa taka ƙofar otel ba shi zai biya, ko da aljihunsa ko da lafiyar 'ya'yansa.

Amma ga inda nake da ja. Kuɗin, hukumar lamfo ta ƙasa ce ke karɓarsu, su wuce Male, can ake yanke inda za su je. Ku ɗauki tsibirin Mafushi. Bayan da aka ba da izinin buɗe gidajen baƙi cikin garuruwan talakawa a 2009, wannan ɗan tsibiri mai mutum 'yan dubbai ya cika da masaukai. Sharar baƙi a ƙofar mutanen Mafushi take kwana. In da ni ne, sai in rubuta cikin doka cewa wani kaso tsayayye ya zauna hannun majalisar tsibirin da baƙon ya kwana, sauran a raba wa tsibiran da baƙo bai zuwa, don su ma rijiyoyinsu na cikin hatsari. Kuma a manna lissafin a bango kowane wata: ga abin da ya shigo, ga abin da aka yi da shi. Duk wanda ya taɓa yankar tikitin kasuwa da safe, ya koma da marece ya tarar da bola na nan inda ya bar ta, ya san dalilina.

Kada a ce tsoro ne na banza. A tsibirin Borakay na Filifin an yi shekaru ana karɓar kuɗin muhalli, peso 75, hannun kowane baƙo. Duk da haka otel da yawa cikin teku suke sakin ruwan bayinsu. A Afrilun 2018 shugaba Duterte ya rufe tsibirin wata shida cur don a gyara, masu ƙananan sana'a suka zauna hannu rabbana.

Abu na biyu, baƙo raɓa ne. Lokacin korona Maldif ta rufe iyakokinta daga ƙarshen Maris zuwa 15 ga Yuli 2020. Baƙin da suka kai miliyan 1.7 a 2019 suka faɗo zuwa 555,000 da 'yan kai. Injin tura ƙazanta kuwa bai san annoba ba, kullum sai ya sha gazuwal. Shi ya sa nake ganin kuɗin baƙi sun fi dacewa da gini: tiyo, inji, jirgin ruwan kwasar shara, da ɗan ajiya don ranar tsiya. Kuɗin tafiyar da aiki na yau da gobe kuwa, kowane gida ya sa nasa, ko kaɗan ne, mai otel ya biya daidai yawan abin da yake zubarwa.

Na san wani zai ce, Malam, talaka kuma za ka ɗora wa? E, kaɗan, daidai ƙarfinsa. Gidan da ke da rasit a hannu, in mai kwasar shara ya yi kwana uku bai zo ba, washegari za ka ga uwar gida tsaye ƙofar majalisa tana tambaya.