Katin Honorabul ba zai ɗauki yaranmu duka ba

A taron matasanmu na ranar Lahadi wani ɗan'uwa ya miƙe ya ce a tattara sunayen ɗalibanmu da za su fita SIWES bana, a kai wa manyanmu su rubuta musu kati. Na ce to, a kai, amma kafin nan a zauna da yaran a gyara musu CV da wasiƙar neman gurbi. Sai wuri ya ɗauki dariya. Wani har cewa ya yi, "Malam, a ƙasar nan wa ke karanta CV? Wa ka sani, shi ke nan." Aka tafa masa. Tun ranar abin yake ci mini tuwo a ƙwarya, don haka bari in faɗa a nan kowa ya ji.

Ban ce ba a yin hanya ba. Ana yi, kuma ni ma na taɓa cin moriyarta. Amma ku yi lissafi mana. Kati nawa Honorabul ɗaya zai rubuta kafin manajan kamfani ya daina ɗaga wayarsa? Idan ya rubuta goma, 'ya'yansa da na 'yan'uwan matarsa ne a gaba, sai na masu kai masa gaisuwa. Ɗan mai gadi da ya sha rana yana manna fosta fa? Shi za a ce masa ya dawo jibi, Oga ya tafi Abuja, har lokacin fita ya wuce. Wanda ya ce wa wannan yaron CV aikin banza ne ya cuce shi, domin takardar nan ita kaɗai ce a hannunsa.

Gurabun ma ai sun yi ƙaranci. A 1973 hukumar ITF ta kafa tsarin SIWES, don ɗalibi ya taɓa inji da hannunsa kafin ya karɓi digiri. A lokacin masaƙun Kakuri a Kaduna suna aiki, Bompai a Kano cike take da masana'antu. Yau masaƙun a rufe suke, na Sharada da Challawa da Bompai da yawa sun koma rumbun ajiye kaya, ɗalibai kuwa sun ninka. Wurin da zai ɗauki yara biyar sai ya sami takardu tuli. Wanda ke zaune a teburin ba shi da lokacin kowa, ido ɗaya zai yi wa takardarka ya ajiye.

To me muke aika masa? Bara ɗan yayana, mai karatun injiniyan lantarki, ya kawo mini tasa in duba. A shagon buga takardu aka yi masa, mai shagon ya buɗe ta wani ya goge suna ya sa nasa. Rabin shafi ya tafi a jiha da ƙaramar hukuma da addini da cewa bai yi aure ba. Abubuwan sha'awa: karatu da tafiye-tafiye, yaron da bai taɓa wuce Zariya ba! Wasiƙar kuwa, wallahi a tsakiyarta sunan wani banki ne, ga shi kamfanin haɗa sola zai kai wa. Na ce masa, "Kai, ba kai ne kake bin maƙwabcinku kuna ɗaura sola a gidaje duk hutu ba?" Ya ce shi ne. "Me ya hana ka rubuta?" Wai ai wannan ba aikin ofis ba ne.

Nan ne ciwon yake. Yaranmu suna da abin faɗa, an dai koya musu raina shi. Wanda ya yi shekara biyu yana gyaran waya a Farm Centre, da wadda take riƙe wa mahaifinta lissafin shago a Kantin Kwari da Excel, da mai koyar da yara a Islamiyya da yamma, duk aiki suka yi. A rubuta a fili: me ka yi, a ina, tsawon wane lokaci. Shafi ɗaya ya isa. Suna, lambar wayar da ake samunka, imel mai sunanka na gaskiya ba laƙabin da kake faɗa da shi a Facebook ba, sashenka da ajinka, kwasa-kwasai uku ko huɗu da suka shafi aikin wurin, sai abin da hannunka ya iya. Kuma don Allah kar ka rubuta cewa kai ne sojan baka na wane. Mu nan muna yaba maka, amma ba ka san hular da manajan yake sawa ranar zaɓe ba.

Wasiƙar ma ba dogon Turanci ake nema ba. Ka san wa kake rubuta wa, ka tambayi sunan ofishin da ke karɓar ɗalibai. Ka faɗi watan da za ka fara da wanda za ka gama, domin wata shida ba wasa ba ne ga mai shirya ma'aikata. Ka faɗi abin da ya sa ka zaɓi wurin, wanda zai nuna ka san me suke yi. Ka haɗa da takardar makaranta, ka kai da ƙafarka tun da wuri, bayan mako biyu ka koma ka tambaya cikin ladabi. Ɗan yayana wurare bakwai ya kai, biyu suka kira shi. Babu katin kowa.

Jami'o'in ma ba zan ƙyale su ba. Za a tara ɗalibai a babban zaure a yi musu jawabi kan cike logbuk, a miƙa musu takardar gabatarwa, a ce kowa ya je ya nemo wa kansa wuri. Yadda ake neman wurin kuwa, oho. Sakamakon mun san shi: yaro ya ƙare a wata sakatariya yana sayo wa ma'aikata abinci, ko ya zauna a gida, ƙarshen wata shida ya nemo mai hatimi ya biya a sa masa hannu. Gobe kuma mu ne za mu hau nan muna kukan an cika kamfanoni da baƙi an bar namu.

Masu cewa na raina manyanmu, ban raina su ba. Ko sun rubuta katin, abu na farko da za a ce wa yaron a ƙofar ofis shi ne ya kawo CV, kuma idan irin ta ɗan yayana ya miƙa, wanda ya aiko shi ne zai ji kunya.

Ni dai ranar Asabar bayan Azahar ina ofishin mazaɓa da kwamfutata. Duk ɗalibin da zai fita bana ya zo da takardar makarantarsa da sunayen wurare biyar da yake so. Ɗan'uwan da ya yi mini dariya shi ma ina gayyatarsa, ya taho mana da firinta tunda yana da ita.