Dandalin Kwamfuta: Idan Hoton Tebur Ya Ƙi Canjawa a Excel

'Yan uwa ɗalibai, ga wata matsala mai cinye maki. A ce mun jera farashin kifi da albasa na kasuwar Yauri a Excel, mun ɗora hoton teburin a shafin gaba. Farashi ya tashi, mun gyara, amma hoton ya tsaya cik.

Mu danna hoton, mu dubi layin fomula. In babu adireshi irin =Sheet1!$A$1:$D$10, hoto ne zalla. Sai mu sake kwafar teburin, mu manna da Linked Picture. In adireshin na nan amma jimilla ba ta motsa ba, mu shiga Formulas, mu mayar da Calculation Options kan Automatic.

Kafin mu miƙa wa malam, mu sauya lamba ɗaya, mu ga ko hoton ya bi.