Kafin a aiko da kuɗin firji, a duba akwatin wuta

A gidaje da dama na Diffa, akwatin wutar da aka kafa tun ana kunna ƙwai biyu da fanka ɗaya shi ne har yau yake ɗauke da firji, injin jan ruwa da na'urar sanyaya ɗaki. Iyali sun ƙaru, musamman tun 2015 da rikicin Boko Haram ya koro 'yan uwa daga ƙauyukan bakin Komadugu. An ƙara ɗakuna, an ja waya, akwatin kuwa yana nan yadda yake.

Idan fiyus ya ƙone, sai a ɗaura zaren tagulla a madadinsa. Daga nan ba abin da zai katse wuta idan kaya sun yi yawa. Waya ta yi ta zafi cikin bango, balle a watan Afrilu da Mayu, har gobara ta tashi. Ga danshi: bangon da ya sha ruwa a ambaliyar 2019 ko ta 2022 yana iya jan mutum.

Alhakin NIGELEC ya tsaya a mita, na cikin gida kuwa yana wuyan maigida. A kira ƙwararren mai gyaran wuta ya raba layuka, ya sa makatsi ga kowanne, ya binne sandar ƙasa, ya kuma sa makatsin kare rai mai miliampiya 30.

'Yan uwa da ke Yamai, Libiya ko Faransa, ku fara biyan wannan aikin. Kuɗin firjin ya biyo baya.