Filin Sana'a: Canjin Bel a Injin Niƙa

Wannan wata zancen injin niƙa ne.

A Dumega da ƙauyukan Dallol Mawri, injin niƙa ya rage wa mata wahalar daka. Amma ran da bel ya tsinke, aiki ya tsaya. Bel shi ne igiyar roba wadda ke ɗauko ƙarfin inji ta kai wa maniƙa. In babu shi, kwanonin hatsi sai su yi ta jira a ƙofa. Tuwon dare ya makara. Mai inji kuma ya yi asarar kuɗin yini.

Ga inda matsala take. Sau da yawa ana kafe inji da maniƙa cikin siminti, ba mai motsi. In za a sa sabon bel, sai a sa sanda ko guntun ƙarfe a ɗana shi da ƙarfi bisa puli, wato faifan da yake hawa. Wannan yana tsinka zaren da ke cikin bel tun bai fara aiki ba. Wani ma yana ɗana shi inji na tafiya. Nan ne ake rasa yatsa. Bel ana sayen wani. Yatsa kuwa ba a sayar da shi a kasuwa.

Akwai dabara mai sauƙi. Mai walda yana iya yin ta. A samu ƙarfe 2 masu kauri. A huda su da ramu masu tsawo, kamar santimita 10. A kafe su cikin siminti. Sai a ɗora maniƙa bisa su, a ɗaure da noti 4. A bayanta a sa dogon noti 1 na ja. Masu sassaƙar ƙarfe da inji a birane ma haka suke matso da motarsu in za su canja bel.

Ga yadda ake canjin:

1. A kashe inji. A jira ya tsaya cak.
2. A sassauta noti 4 da sifana.
3. A matso da maniƙa wajen inji. Tsohon bel zai fita da hannu.
4. A sa sabo. A ja maniƙa baya da dogon noti.
5. A miƙa zare gefen puli 2, a ga sun daidaita. Sannan a ɗaure.

Yaya za a san ɗauri ya yi daidai? A danna tsakiyar bel da babban yatsa. In tsakanin puli 2 mita 1 ne, bel ya lotsa santimita 1 da rabi. In ya yi sako-sako, zai riƙa zamewa, ya yi zafi, gazuwal ya ƙone a banza. In ya ɗaure da yawa, zai ci boris. Sabon bel yana miƙewa. Bayan kwana 2 a sake duba shi. In inji mai bel 2 ne, a canja su tare.

A rufe bel da ragar ƙarfe. Babbar riga, rawani da mayafi, duk bel yana fizgar su. A hana yara zuwa kusa.

Saura abu guda. Kowane irin wannan bel yana da harafi da lamba a bayansa, kamar A ko B. Harafi faɗi ne, lamba tsawo. Wanda ya shiga yaƙi da jahilci zai karanta, ya rubuta cikin littafinsa tun lambar ba ta goge ba. Sai ya aika Tibiri ko Dogon Dutsi a sayo masa daidai. Wanda bai iya ba, sai ya biya kuɗin mota sau 2. A ajiye bel 1 a rataye cikin inuwa, nesa da mai. Rigakafi ya fi magani.

Wanda ya karanta, ya karanta wa mai injin garinsu. Sai watan gobe, da yardar Allah.