Sikirin ya fashe? "HP ce" ba ta isa amsa ba

Kwanakin baya wata ƙanwata da ke karatu a nan Yelwa ta kira ni, murya na rawa. Ta sa laftof a jaka tare da caja, ta hau kabu-kabu, aka faɗa rami. Da ta buɗe a gida sai ga baƙin tabo ya cinye rabin sikirin kamar an zubar da tawada, ga furojet ɗinta a ciki. Kafin ta neme ni har ta riga ta tura wa wani mai shago a Kano kuɗi. Na ce, "Me kika ce masa?" Ta ce, "Yaya, ce masa na yi HP ce, inci 15."

Aka ba direba saƙo, ya iso bayan kwana uku. Mai gyara ya kwance, ya gwada, soket ya ƙi shiga. Nata mai fil 30 ne, wanda aka aiko mai 40. Mai shago kuma ya ce shi abin da aka tambaya ya bayar.

Haushinsa na fara ji, amma da na natsu sai na ga rabin laifin namu ne. Wanda ke Kano zai iya saɓa kwamfutarsa ya tafi Beirut Road a gwada a gabansa, na Legas ya shiga Computer Village a Ikeja. Mu da ke Yauri, Ngaski ko Shanga, kaya a mota suke zuwar mana, kuskure ɗaya kuɗin sikirin ne da kuɗin direba da sati guda na jira. Duk da haka mu ne muka fi kowa gaggawar tura kuɗi a WhatsApp ba tare da mun san abin da muke saya ba.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, HP da Dell da Lenovo ba su ke ƙera sikirin ba. Saye suke yi daga kamfanoni irin su BOE, AU Optronics, LG Display da Innolux. Shi ya sa kwamfuta biyu masu suna iri ɗaya za ka buɗe ka tarar da sikirin daban-daban, balle irin namu na hannu da wataƙila an taɓa canza musu tun kafin su shigo ƙasar. Ainihin sunan sikirin yana jikin wata 'yar takarda da aka manna a bayansa. In ka ga lambar ta fara da B156, na AU Optronics ne. LP156 na LG. NT156 ko NV156 na BOE. N156 na Innolux. Wannan 156 ɗin na nufin inci 15.6, in 140 ne kuma inci 14. Hoton wannan takarda za ka tura, tare da hoton soket ɗin da ke ƙasan sikirin.

Ba dole ne a samo kamfani ɗaya ba. Na BOE na iya zama a gurbin na LG, muddin girma ya zo ɗaya, yawan fil ɗaya, soket a gefe ɗaya, kauri da wurin ɗaure noti ɗaya, kaifin hoto ma ɗaya, wato 1366x768 ko 1920x1080. Maganar fil ɗin nan ita ce tarkon. Tsofaffin kwamfutoci na amfani da tsarin LVDS mai fil 40, na baya-bayan nan eDP mai 30, sannan akwai eDP mai 40 a kan sikirin da ake taɓawa da yatsa da na masu buga gem. To ka ga 40 ɗin ma iri biyu ne. Wani lokacin soket zai shiga lafiya lau, a kunna, a ƙona abin da ya fi sikirin tsada.

Kafin duk wannan ma, ka tabbata sikirin ne ya mutu? In gilashi ya tsage, babu gardama. Amma in duhu kawai ka gani, jona kwamfutar da talabijin ta wayar HDMI, ka danna Windows da P. Hoto ya fito, to cikin injin lafiya. Haska tocilan waya dab da sikirin: in ka hango hoto dishi-dishi, hasken baya ne ya ɗauke. In kuma layuka na zuwa suna tafiya duk sanda ka motsa murfin, sau da yawa siririyar wayar da ta bi ta maƙogwaron murfin ce ta gaji, kuɗinta kuwa bai kama ƙafar na sikirin ba.

Sai 'yan'uwana masu gyara. Wallahi ina ganin ƙoƙarinku, amma iya canza gilashin waya ba shi ne iya kwamfuta ba. Na ga wanda ya zare soket ɗin sikirin batir na jone, don kawai ya kashe kwamfutar. Kashewa ba ta cire wuta daga allon ciki, a nan ake ƙona fis ɗin haske, sai a sa sabon sikirin ya ƙi kawo wuta, a ce wa mai kaya "ai dama bod ɗinka ya taɓu." In batirin na ciki ne, a buɗe ƙasa a cire shi tukuna. In ba ka taɓa yin irin aikin ba, faɗa masa gaskiya, ba zai rage ka da komai ba. Kai kuma mai saye, ku yi magana a rubuce kafin kuɗi su fita: in bai yi daidai da lambar da na turo ba, za a karɓa a canza.

Ƙanwata dai da talabijin ɗin falo ta ƙarasa furojet, tana zaune a tabarma, ƙannenta na zumɓura baki an hana su kallo. Karo na biyu hoton takardar ta tura, sikirin ya zo ya zauna daram. Na farkon yana nan kan wadirof a cikin kwalinsa, mai fil 40, har yau ba mu samu mai saye ba.